Tsohon hoton ɗan wasa: na asali, kwafi, ko wanda aka shafa wa launi?

Mai neman tsohon hoton 'yan wasan kwaikwayo a Zariya ba fuska kaɗai yake saye ba, har da kayan jiki: rawanin sarkin wasa, gemun auduga irin na yaran tashe, ko kakin soja irin wanda Usman Baba Pategi ya yi suna da shi a wasan kwaikwayon Samanja. Hoton da ya dushe maka waɗannan, asarar kuɗi ne.

Na asali baƙi da fari shi ne gaba, a wurina. Azurfa ce ke riƙe da surar a jikin takardar, shi ya sa yake haura shekara 50 ana iya ƙirga aikin allurar da ke wuyan riga. Kafin ka yi tayi, juya bayansa ka nemi hatimin mai hoto ko rubutun biro. Sannan ka karkata shi a hasken taga. In wuraren duhu, musamman gefe-gefe, suna ɗan ƙyalli kamar madubi, tsufa ne na gaskiya. Tsofaffin masu hoto na Sabon Gari da albam ɗin iyalai nan ne wurin tambaya, kuma da sallama da haƙuri ake samu, don wani hoton ubansa ne.

Masu launi na shekarun 1970 da 1980 sai an yi hattara, yawancinsu sun koma ja-ja. Amma in ka ci karo da wanda aka ɗauka a gidan wasan nan na ginin ƙasa da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wanda mai zanen gine-gine Steven Ehrlich ya zana a tsakiyar shekarun 1970, kada ka bari ya wuce ka ko da ya koɗe.

In mai shi ya ce ba na sayarwa ba ne, roƙe shi kwafi. A sa shi a sikana, dpi 600 (ɗigo 600 a kowane inci) ko sama, ba a ɗauka da waya ba. Abin da ba na so sam shi ne wanda manhaja ta shafa wa launi. Kintace kawai take yi. Na taɓa biyan kuɗin wani, rigar da dattijon da ya sa ta ya ce mini shuɗiyar baba ce ta fito kore shar.

Akwai kuma katunan Turai na ƙarni na 19, irin hotunan 'yar wasan Faransa Sarah Bernhardt na ɗakin hoton Nadar a Faris. Da dala ake sayensu a intanet, kuma sabbin bugu sun cika kasuwar. Sai mai nazari.

Kowanne ka saya, kada a ruɗe ka da laminatin, zafi da gam ɗinsa ba sa fita. Sa shi a ambulan na takarda, ka ɗora can sama nesa da bango, saboda gara da laimar watan Agusta.