Odisiyus da Iniyas: mai komawa gida da mai neman sabon gida

Odisiyus da Iniyas gwaraza ne a tsofaffin labaran Girkawa da Rumawa. Dukansu daga yaƙin birnin Turoi suka fito, kuma fushin abin bauta ne ya wahalar da su a teku: Fosaidon, abin bautar teku, ya tasa Odisiyus gaba don ya makantar masa da ɗa, Juno kuma ta addabi Iniyas. Kowannensu ya gana da matattu.

Odisiyus, gwarzon Girkawa, shekara 10 ya yi kafin ya isa gidansa Itaka, 7 daga ciki a tsibirin wata abar bauta mai suna Kalifso. Da wayo yake tsira, har da ƙarya, amma mutanensa ba wanda ya kai gida.

Iniyas, mutumin Turoi da Rumawa ke ɗauka kakansu, ba shi da gidan komawa. Ya goyo mahaifinsa daga Turoi da ke cin wuta, ya bar sarauniya Dido a Kartej ba da son ransa ba, domin an umarce shi ya kai jama'arsa Italiya. Ya fi Odisiyus biyayya, amma labarin Odisiyus ya fi daɗin ji.