Ƙarfen Sitabilaiza na Whiteline a Bayan Subaru WRX

Sitabilaiza ƙarfe ne da ke haɗa ƙafafun mota na dama da na hagu don daidaita ta a kwana. Wannan ƙarfe mai kaurin milimita 22 da kamfanin Whiteline na Ostareliya ke ƙerawa ya cancanci kuɗinsa, domin ya rage yadda motar ke kwantawa gefe a kwana, kuma gabanta ya daina turjewa idan an murza sitiyari. Ramukan da ke bakinsa suna ba da damar ƙara taurinsa ko sassauta shi, abin da na fi yabawa ke nan. Ɗaurawa a gida ba ta da wuya ga mai jak da sifana, amma dole a shafa wa bushin (robar da ke riƙe da ƙarfen) giris sosai don kada ya riƙa ƙara, sannan a ƙarasa ɗaure notuna bayan nauyin motar ya sauka kan tayoyi. A hanya mai gargada kuwa, jijjiga ta ɗan ƙaru.