Wata uku da SQM na OpenWrt a na'urar Wi-Fi ɗina

Matsalata ba rashin gudun intanet ba ce. Ina tsakiyar kiran bidiyo na aiki, da zarar wayar ɗana ta fara tura hotuna zuwa ma'ajiyarta ta intanet, sai muryar abokin maganata ta riƙa kakkatsewa, fuskarsa ta daskare baki buɗe. Ashe bayanai ne ke yin dogon layi a bakin fita, ɗan ƙunshin murya ya maƙale a bayan manyan kaya. Wannan ciwon ne Jim Gettys ya raɗa wa suna bufferbloat a 2010.

Da farko na dogara da WMM, tsarin fifita wasu bayanai kan wasu a Wi-Fi, wanda ya samo asali daga ƙa'idar 802.11e ta 2005. Yana raba zirga-zirga gida huɗu: murya, bidiyo, gama-gari da na bayan fage. Kada ka kuskura ka kashe shi, domin a Wi-Fi samfurin 802.11n gudun yakan faɗo zuwa megabit 54. Sai dai iyakarsa iska, tsakanin waya da na'ura. Ba ruwansa da layin da ya fita waje, ni kuwa can tawa matsalar take.

Sai na koma ga SQM, mai tsara layin jiran bayanai a bakin fita, a OpenWrt, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urata. Na saka manhajarsa, luci-app-sqm, na zaɓi CAKE, salon tsara layin, da saitinsa piece_of_cake.qos. Wannan bai kai minti goma ba. Inda ake natsuwa shi ne akwatuna biyu na gudun saukewa da na turawa. Ka auna layinka lokacin da kowa ya yi barci, ka rubuta kusan kashi 90 cikin ɗari. Turawata megabit 20 ce, sai na rubuta 18000, don da kilobit ake cikewa. Wallahi na ji zafin sadaukar da megabit biyun nan, amma hikimar ke nan: layin jiran ya dawo cikin na'urarka, inda CAKE zai ba kowace zirga-zirgar bayanai rabonta, ƙananan ƙunshi su wuce ba jira.

A daren na gwada da gangan. Na sa kwamfuta tana tura babban fayil, na kira ƙanwata, muka yi rabin awa ba ta ce "ba na jin ka" ba ko sau ɗaya.

Gargaɗi biyu. Aikin yana cin ƙarfin na'ura, don haka ƙaramar tsohuwa ba za ta iya da layi mai ɗaruruwan megabit ba. In kuma layinka na wayar salula ne, mai hawa da sauka, ka rubuta gudun da kake samu da yamma lokacin cunkoso, ba na tsakar dare ba.