Gargaɗi kan masu tallar "maganin gargajiya" na amosanin gaɓɓai

Ana jan hankalin masu fama da amosanin gaɓɓai, wato ciwon da garkuwar jiki ke far wa gaɓɓan mutum har yatsu su kumbura su sandare da safe, game da wasu masu talla a Facebook da WhatsApp da ke sayar da gari ko kafso da sunan tsantsar itatuwa. Dabararsu ita ce tsoratar da majiyyaci cewa methotrexate da likita ya rubuta masa yana kashe garkuwar jiki, don haka ya jefar da shi ya koma nasu, wanda a cewarsu yake tumɓuke ciwon har saiwarsa.

Gaskiya ne methotrexate yana rage ƙarfin garkuwar jiki, kuma yana iya taɓa hanta, shi ya sa ake shan sa sau ɗaya a mako, ana haɗa wa majiyyaci da bitamin ɗin folic acid, ana gwajin jini lokaci-lokaci, ba a kuma ba mai juna biyu. Haɗarinsa sananne ne, ana auna shi, kuma amfanin maganin shi ne yana hana gaɓɓai lalacewar da ba ta gyaruwa.

Abin da masu tallar ke ɓoyewa shi ne, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano dexamethasone ko prednisolone ko diclofenac a cikin irin wannan haɗi. Biyu na farko su ma garkuwar jiki suke dannewa, sai dai a nan babu wanda ya san adadin da ake haɗiya. Sauƙin da ake ji cikin kwana biyu, wanda ake kafa hujja da shi, daga nan yake fitowa. Bayan watanni sai fuska ta cika ta yi zagaye, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, tarin fuka da ya kwanta ya iya tashi, diclofenac kuma, wanda maganin rage raɗaɗi ne, ya jawo gyambon ciki ko ya taɓa ƙoda. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a jikin kwalba ba shaidar warkarwa ba ce, balle ma ana buga ta jabu.

Wanda ya daɗe yana shan irin wannan haɗi kada ya daina farat ɗaya, domin idan akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, jikinsa ya riga ya rage samar da nasa sinadarin mai irin aikinsu, kuma yankewa kwatsam na iya jefa shi cikin mummunan hali. Ya ɗauki kwalbar ya kai wa likitansa, ya faɗi tsawon lokacin da ya yi yana sha, a rage masa sannu a hankali, sannan a kai rahoton mai sayarwar ga NAFDAC.