Musaya ko sayen ɗan wasa: Soto da Ohtani

A Disambar 2023, manyan ƙungiyoyi biyu na wasan besbol a Amurka suka bi hanya daban wajen ƙarfafa kansu.

Yankees ta bi ta musaya. Ta miƙa wa San Diego Padres 'yan wasa biyar, huɗu cikinsu masu jefa ƙwallo, har da Michael King, ta karɓo Juan Soto da Trent Grisham. Soto kuwa saura masa kaka ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, ya samu 'yancin komawa duk ƙungiyar da ya ga dama. Ya yi rawar gani, ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 41, ƙungiyar ta kai wasannin ƙarshe na cin kofin gasar (World Series) karon farko tun 2009. Amma kakar na ƙarewa ya koma ƙungiyar New York Mets kan dala miliyan 765. Aro suka yi, kuma da tsada.

Dodgers kuɗi ta zuba: dala miliyan 700 na shekara 10 ga Shohei Ohtani, ba ta rabu da ɗan wasa ko ɗaya ba. Miliyan 680 ma sai daga baya za a biya.

Ni dai na fi gamsuwa da hanyar Dodgers, ko da yake sai mai aljihu irin nasu. Da Yankees da Dodgers suka haɗu a wasannin ƙarshe na 2024, Dodgers ta ci wasa huɗu, Yankees ta ci ɗaya.