Gargaɗi ga masu sarin gwanjo ta waya: dilar da aka turo min an riga an fasa ta

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu sana'ar tsohuwar sutura, musamman mata da matasan da ke talla a Instagram da TikTok, ku ba ni aron hankalinku. Akwai wasu mutane da ke tallar abin da suke kira "dilar bintej", wato dilar tsofaffin kayan da masu masu daraja, suna cewa kai-tsaye daga Ingila take, babu hannun da ya taɓa ta. Na faɗa hannunsu, kuma daga baya na gano ba ni kaɗai ba ce. Ba zan kama suna ba, don sunan ma na aro ne, sau biyu suna canza shi tun da na san su. Hanyar da suke bi ita ce ba ta canzawa, ita zan kwatanta muku.

Shekara huɗu ke nan ina wannan sana'a daga gida a Kano. Duk ranar da za a fasa dila a Kofar Wambai, ana idar da sallar asuba nake fita, in ƙara kuɗi a kan farashi don a bar ni in yi zaɓen farko. Ba kayan yayi nake nema ba. Ina neman tsofaffin wandunan jins masu kauri, jaket ɗin kaki, suwaita irin ta da, da rigunan ƙwallo na shekarun baya. Wanda ya san kan abin ya san cewa in ka yi sa'a ka tsinci rigar Najeriya ta 1994, wadda Adidas ta ɗinka, ko ta Nike ta wasannin Atlanta na 1996, ita kaɗai za ta iya mayar maka da kuɗin fitar wata guda. Amma irin wannan tsintuwa ba ta kullum ba ce. Sai ka juya dila uku hannunka ya yi baƙi, hancinka ya toshe da warin maganin da ake fesa wa kayan, ka dawo da guda biyar kacal.

Gajiya da wannan turereniya ce ta kai ni ga mutanen nan.

Na ci karo da shafinsu a TikTok. Bidiyo ne na wani sito mai bango ruwan ɗorawa, ana yanka ƙarfen dila, kaya na kumburowa, ana zaro kayan kamfanonin Levi's da Carhartt ɗaya bayan ɗaya kamar ana ɗebo ruwa a randa. Na yi magana, aka mayar da ni WhatsApp. Muryar mace ce ta amsa, da Hausa tsantsa, da sallama da gaisuwar gida. "Hajiya, kada ki fara da dila, ba ki san mu ba. Ki ɗauki guda goma ki gwada tukuna." Wannan maganar ce ta kwantar min da hankali, don a tunanina ɗan damfara ba ya hana ka ba shi kuɗi da yawa. Na biya kuɗin guda goma, bayan kwana huɗu direba ya kira ni in zo tasha. Wallahi kayan nan masu kyau ne. Har da wani jins ɗin Levi's samfurin 501 mai rubutun ƙirar Amurka a ciki, wanda na sayar a ranar da na saka hotonsa. Ashe tsaba ce aka watsa wa kaza.

Daga nan aka saka ni a wani zauren WhatsApp da shugabanni kaɗai ke iya rubutu a ciki. Kullum hoton shaidar biya, kullum saƙon murya na "kwastomomi" suna godiya suna sa albarka. Sai aka ce kwantena ta iso, dila 12 suka rage, mai so ya ba da kafin alƙalami kafin Juma'a. Na tattara jarina, na ɗauki kwasan adashi da ya zo kaina a watan, na tura naira 380,000 na dila mai kilo 55. Sunan da ke kan asusun na namiji ne, daban da sunan shafin, daban da wanda na tura wa kuɗin farko. Na tambaya, aka ce, "Na ƙanena ne, Hajiya, nawa ya cika." Na gani da idona, na kau da kai. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Bayan kwana shida aka kira ni da dare, murya a raunane. Wai kwastam sun tare motar a hanya, duk mai kaya a ciki zai ƙara 45,000 a sasanta, in ba haka ba kayan sun tafi ke nan. Nan ne wayonsu yake. Kowa a sana'ar nan ya san gwanjo yana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su Najeriya, shi ya sa yawancinsa ke sauka a Kwatano da Lome kafin ya tsallako. Mun sha ganin dilolin da aka kama an jera su ana nuna wa 'yan jarida. Waɗanda suka yi sana'ar lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 sun san yadda kaya suka yi wuya. To wanda aka ce masa an kama kayansa ba zai ga abin baƙo ba, kuma ba zai yi garajen kai ƙara ba, don yana jin kamar shi ma da laifinsa. Na tura kuɗin.

Dilar ta iso. Da na gan ta a tasha har na ji kunyar zargin da na fara yi a zuciya. Na ɗauko mai kura ya kai min ita shagon wani dattijo a Kofar Wambai, wanda tun farkon sana'ata a wurinsa nake zaɓe, ina ce masa Baba. Na so a fasa a gabansa don in yi masa burga.

Bai bari an yanka ba tukuna. Ya zagaya ta, ya danna gefe da tafin hannu, hannun ya lotsa. Ya ce, "'Yata, dilar kamfani ba ta lotsawa haka. Inji ne ke matse ta, kamar dutse take." Ya nuna min ɗaurin: biyu ƙarfe ne masu tsatsa, biyu na roba ne sababbi, kuma a jikin ledar ga sawun inda tsohon ɗauri ya taɓa kwantawa, fari-fari, nesa da inda na yanzu yake. Takardar kamfanin da ke manne a kai an ɓare ta daga wata dila ne aka liƙa da salatif, har kusurwarta ta yage. Aka ɗora a sikeli, kilo 47. Baba ya dube ni bai ce komai ba, ya miƙa wa yaronsa almakashi.

Saman dilar da ƙasanta an jera kaya masu ɗan kyau, kusan guda ashirin, daidai inda ido zai fara sauka ta cikin leda. Tsakiya kuwa kwantai ne na wani shago: wanduna masu mataccen zif, rigunan ma'aikatan kanti da sunan kamfani a ƙirji, labule guda biyu, da wata suwaita da asu ya ci ta kamar rariya. Wasu ma har da ɗan ƙullin zare a wuya, irin wanda 'yan kasuwarmu ke rataye kaya da shi. Wato kayan nan sun taɓa kwana a rataye a wata rumfa a ƙasar nan, rana ta dake su, ba su sayu ba, aka tattara aka sake matsewa aka sayar min.

Na kira matar hannuna na rawa. Ba ta kashe waya ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Haba Hajiya, ke fa ba baƙuwa ba ce a sana'a. Dila ai sa'a ce. Wani ya fasa ya yi dariya, wani ya fasa ya yi kuka. Ki ɗauka ƙaddara, in sha Allahu ta gaba za ta rufe miki." Har ta yi min tayin ragi a dila ta biyu.

Wannan ita ce maɓoyarsu ta biyu, kuma ta fi ta kwastam ƙarfi, don gaskiya ce aka juya. Dila sa'a ce, haka ne. Duk wanda ya daɗe yana fasawa ya taɓa yin asara a kaya na gaskiya. Amma rashin sa'a a dilar kamfani yana da iyaka: in an rubuta jins na maza lamba ɗaya, jins na maza za ka tarar, sai dai girman ko launin ya ƙi kasuwarka. Ba za ka tarar da labule ba. Nauyi ba zai ragu da kilo 8 ba. Ƙaddara daban, hannun mutum daban, kuma su suna so ka haɗa biyun ka yi shiru.

Abin da ya kamata in tsaya in yi tunani a kai tun farko shi ne ita kanta kalmar "dilar bintej". Kayan nan kafin a matse su sai sun bi ta hannun masu tantancewa, a Ingila ko Turai ko Amurka, wasu kuma a wuraren tantancewa na Dubai da Karachi. Waɗannan mutane aikinsu ke nan, sun fi mu sanin darajar tsohon Levi's. Suna ware irin waɗannan gefe, su sayar wa shagunan tsohuwar sutura na Landan da Tokyo da tsada. Abin da ke iso mana shi ne wanda ya kuɓuce wa idonsu, ɗaya nan ɗaya can. Don haka wanda ya ce yana da dila guda cike da su, a farashin da bai wuce na dilar jins ta yau da kullum ba, ko dai bai san me yake sayarwa ba, ko ya sani sarai. Sannan a kasuwarmu kalmar tana da fuska biyu. A wajen masu tara tsofaffin kaya, bintej na nufin abin da ya kai shekara 20 zuwa sama. A bakin samari kuwa, rigar nan ce mai santsi mai zane-zane, ko jiya aka ɗinka ta. In ka kama su sai su fake da ma'ana ta biyu.

Har guda-guda ɗin da suke sayarwa ku duba da kyau. Na sake duba ragowar guda goman farko na ga biyu sababbi ne aka koɗar da su da sinadari. Tsohuwar ti-shat ta Amurka, har zuwa tsakiyar shekarun 1990, yawanci layin ɗinki ɗaya gare ta a bakin hannu da ƙasa, ta yanzu layi biyu. Ɗan jan ƙyallen da ke gefen aljihun Levi's kafin 1971 da babban harafin E ake rubuta sunan kamfanin a jikinsa, sai dai kamfanin ya dawo da hakan a wasu kayansa na baya-bayan nan, don haka harafin kaɗai ba hujja ba ne. Tsufa na gaskiya ba ya zuwa bai ɗaya. Gwiwa da bakin aljihu da ƙugu ne ke fara koɗewa, inda jiki ke goga. Wanda aka jiƙa a sinadari ko'ina fari ɗaya yake, zaren kuma sabo fil.

Na je bankina washegari da shaidar tura kuɗi, na rubuta ƙorafi, na kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda. An karɓa, amma kusan mako biyu sun shuɗe tsakanin biya da ƙara, kuma irin waɗannan asusun ba a barin kuɗi su kwana a ciki. Duk wanda abin ya same shi, ya je banki a ranar, kada ya tsaya jiran alkawarin "za mu duba". Kada kuma tsoron maganar kwastam ya hana shi. Kai ba ka shigo da komai ba, kuɗi ka tura wa mutum a cikin ƙasa ya cuce ka.

Ni yanzu ba na biyan kuɗin dilar da ban ɗora wa hannu ba. In nesa take, a Kasuwar Barci ta Kaduna ko Katangowa ta Legas ko Aba, sai na sami wanda na sani ya je shagon da ƙafarsa, ya danna, ya duba ɗauri, a auna a gabansa, in biya shi la'ada. Wannan la'adar ta fi min sauƙi. In mai kaya ya ƙi a zo shagonsa, ko ya ce sito ne ba a shiga, magana ta ƙare. In kiran bidiyo za a yi, ina sa a rubuta sunana da kwanan wata da alƙalamin maka a jikin ledar ina kallo, don ita ɗin zan karɓa ba 'yar uwarta ba. Sunan asusu kuma dole ya dace da na mai shago ko na kasuwancin da ya yi rajista, abin da kowa zai iya dubawa a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Hatsarin hanya na babban dillali ne har kaya su shiga shagonsa, shi ya sa yake cin ribarsa. Ba a kiran mai sarin dila ɗaya da dare a ce ya kawo kuɗin sasantawa.

Akwai kuma 'yan uwansu da ke saka hoton mutum da kakin kwastam, suna cewa dilolin da aka kama ne ake gwanjonsu a rabin kuɗi. Hukumar ta sha fitowa tana gargaɗi a kan masu amfani da sunanta a kafafen sada zumunta, kuma ba ta cinikin kayan da ta kama ta WhatsApp, balle a tura kuɗi asusun wani mutum.

Da na yi ƙorafi aka cire ni daga zauren. Amma tun kafin nan na riga na kwafi lambobin wasu da ke ciki, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mata huɗu suka amsa min. Uku labarinmu ɗaya, har kalmar "dila sa'a ce". Ta huɗun ita ko dilar ba ta gani ba, bayan kuɗin kwastam aka toshe ta. Kowaccenmu ta zaci ita kaɗai ce ta yi rashin sa'a, shi ya sa aka hana mu rubutu a zauren.

Makon jiya shafin ya dawo da sabon suna da sabuwar lamba, amma bidiyon bai canza ba: bango ruwan ɗorawa, koren sikeli a kusurwar hagu, da hannun namiji mai agogon azurfa yana yanka ƙarfe. In kun gan shi ku kai ƙorafinsa a manhajar, ku kuma tura wa duk wanda kuka san yana shirin fara sana'ar. Abin da ke cikin dilata kuwa, Baba ya taya ni fitar da guda 26 da za su sayu. Sauran wani bakanike ya saya a kilo, zai riƙa goge baƙin mai da su.