Hattara da masu haɗa shafin intanet suna riƙe domen a hannunsu

'Yan kasuwa dan Allah ku tsaya ku karanta, musamman masu atamfa da turare da kayan waya. Akwai wasu da suke tallata kansu a WhatsApp da Facebook cewa a kuɗi kaɗan za su haɗa maka shafin intanet har da imel mai sunan shagonka, aikin kuma zai fito tsaf, amma domen ɗin, sunan nan da ke ƙarewa da .com ko .com.ng, da sunansu da imel ɗinsu suke yi masa rijista.

Domen fa haya ce ta shekara-shekara, ko .com ba a biyan sama da shekara 10 a lokaci ɗaya, kuma wanda sunansa ke kan rijista shi kamfanin rijista ya sani, babu ruwansu da wanda ya tura kuɗi. To ka buga sunan a kati da leda da allon shago, kwastomomi sun saba, shekara na zagayowa sai wanda ya haɗa maka shafin ya kira ka ya tsuga kuɗin sabuntawa yadda ya ga dama, ka ce a'a ya kashe shafin, wani ma wayarsa ce za ta daina shiga kwata-kwata har wa'adin ya wuce.

Abin da ya fi tayar min da hankali wallahi shi ne imel. Mai riƙe da domen zai iya karkatar da saƙonninka zuwa wajensa, ya ga odar da ake yi maka, ya tura wa kwastoma wata lambar akawun da sunan shagonka. Mutuncinka ne zai zube.

Ka buɗe akawun a kamfanin rijistar da hannunka, da imel ɗinka da lambar wayarka, kalmar sirri kuma kar ka ba kowa, shi aikinsa haɗa shafi ne kawai. In .ng kake so, ƙungiyar NiRA ta Najeriya ce ke kula da shi, kuma jerin kamfanonin da ta amince da su na nan a shafinta. Wanda kuma an riga an yi masa, yau ka nemi mai haɗa shafin ya mayar da rijistar da sunanka ko ya ba ka lambar EPP, wato lambar sirrin da ake mayar da domen wani kamfanin rijista da ita, ka adana rasit da duk hirarku. In ya fara cewa ai ba sai ka damu ba yana kula maka da shi, kar ka ƙara tura masa ko sisi sai ka shiga akawun ɗin ka ga sunanka da idonka.